Shirun Mai Guga

Tun tana ƙarama Mai Guga take da i'ina, irin wadda kalma kan zo har bakin ƙofa ta ƙi fita. Wata rana za ta yi magana sumul har ta manta da abin, wata rana kuma harafi guda zai tsaya mata a maƙogwaro sai ta runtse ido. Mutane kuwa akwai su da taimakon da ba a roƙe su ba. Kafin ta kai ƙarshen kalma wani ya ƙarasa mata, sau da yawa ma ba wadda take nufi ba, ita kuma sai ta gyaɗa kai don a wuce wurin. Da haka ta sha komawa gida da sabulu alhali sukari aka aike ta.

Shi ya sa da ta girma ta nemi aikin da ba ya bukatar baki. A shagon wanki da guga na bakin titi, mai shago ce ke zama a gaba tana karɓar kaya tana cacar baki da masu cewa an ɓatar musu da safa. Ita kuwa tana can ciki bayan labule, da dogon tebur mai shimfiɗar bargo, da dutsen guga mai fitar da tururi, da riguna jere a hanga. Ta iya kwala, ta iya karin wando, kuma ba a taɓa samun rigar da ta tambaye ta wani abu ba.

Mijinta mai aski ne a tsallaken titin, mutumin da in ya fara zance sai ka rantse rediyo ya haɗiya. Yakan ce ya aure ta ne saboda ita kaɗai ce a duniya ba ta taɓa katse shi ba. Yana sonta tsakani da Allah, ita ma haka. Shi ma yana ƙarasa mata magana kamar kowa, sai dai shi yawanci yakan dace.

Cikinta na fari bai kai lokacinsa ba. Tana tsaye tana guga da hantsi naƙuda ta taso, wata bakwai ko cika bai yi ba. Kafin la'asar an haifi yarinya, an wuce da ita ɗakin bakwaini an sa a kwalba.

Ranar da aka fara tura Mai Guga a keken marasa lafiya zuwa ɗakin, ta daɗe ba ta ƙifta ido ba. Ɗaki ne mai ɗumi, ba hayaniya sai ƙarar na'urori a hankali, kowace kwalba da ɗan mutum a ciki. Tata tana kwance da siririyar roba a hanci da wayoyi manne a ƙirji, tafin ƙafarta bai kai tsawon babban yatsan uwar ba. Amma komai an yi shi ya cika. Ga farce a kowane yatsa, ga gira, ga lanƙwasar kunne da ba wanda ya yi ha'inci wurin zana ta. Ƙirjin nan da bai fi akwatin ashana biyu ba yana hawa yana sauka, ba wanda ya koya masa. Tsoron Allah ya kama Mai Guga, irin wanda ke zuwa tare da murna har ka rasa wanne za ka fara ji.

Inna, uwar mijinta, ta leƙa ta gilashin ƙofa ta ce, "Oh ni. Ke kuwa me aka ce miki ana rabawa a duniyar da kika taho da wannan azarɓaɓi?"

Sunan ya bi yarinyar tun daga nan.

Da Azarɓaɓi ta ɗan yi ƙwari, wata nas mai jiki da taushin hannu ta ciro ta da wayoyinta ta kwantar a ƙirjin uwar, fata da fata, ta rufa musu zani.

"Ki riƙa yi mata magana, Maman Bebi," in ji nas ɗin. "Muryarki ta sani tun tana ciki. Nan duk baƙi ne a wurinta, ke kaɗai ce 'yar gida."

Mai Guga ta duba hagu da dama, ta ga sauran matan kowa na ta kanta, sannan ta sunkuya. Sannu kawai take son cewa. Harafin farko ya fito ya yi ta maimaita kansa, sauran ya ƙi biyowa, ƙirjinta ya yi tauri a ƙarƙashin yarinyar. A daidai nan na'urar da ke gefe ta ɗauki ƙara. Nas ta taho ba gaggawa, ta gyara wata waya da ta zame, ta ce ba komai, haka suke yi. Amma zuciyar uwa ba ta jin irin wannan bayani. Ita dai abin da ta gani shi ne ta buɗe baki, 'yarta ta firgita.

Ta tuna kanta a aji tana tsaye da littafi a hannu, malami na jira, yara na danne dariya. Ta duba ɗan bakin nan da ko nono bai iya kamawa ba tukuna, ta yi alkawari a ranta cewa wannan ba za ta tsaya irin waccan tsayuwar ba.

Da ta faɗa wa mijinta da Inna shawarar da ta yanke ta daina yi wa yarinyar magana, ta so ƙwarai wani ya musa mata. Ba wanda ya musa.

"'Yar nan, ba don in ɓata miki ba, kin yi tunani," in ji Inna. "Yaro abin da ya fara ji shi yake riƙewa, balle bakwaini da komai nasa ɗanye ne. Rigakafi ya fi magani. Ke ki ba da nono, magana ki bar mana."

"Wannan kuma gida ya zo," in ji mai aski. "Ni kaɗai ma na isa in koya wa 'yan uku."

Haka aka raba aiki, kuma kowa ya riƙe nasa da gaskiya. Da aka sallame su, gidan ya cika da zance. Uban kan dawo da yamma ya ɗora ta a cinya ya ba ta labarin duk kan da ya aske, da wanda ya yi barci a kujera, da wanda sanƙonsa ya ƙaru amma ya ɗora wa kilifa laifi. Inna kan yini da ita tana mita tana waƙa tana faɗa da maƙwabtan da ba sa nan. In duk sun gaji a kunna rediyo a ajiye kusa da gadonta, kada kunnenta ya zauna banza.

Uwar kuwa ta yi komai da hannu da ido. In ta taɓa kafaɗar yarinya sau biyu, ɗaga hannu za a sa riga. In ta ɗaga haɓa, me kike so ke nan. In ta ɗage gira ɗaya, ajiye wannan ba na wasa ba ne. Sau tari magana kan taso mata wurin wanka, lokacin da yarinyar ke dukan ruwa tana dariya, sai ta ja numfashi, ta tuna, ta haɗiye. Abin yana mata ciwo, amma tana ganin ciwon shi ne kuɗin lafiyar bakin 'yarta.

Azarɓaɓi ta yi komai a makare, kamar mai rama gaggawar da ta yi da farko. Ta makara wurin zama, ta makara wurin tafiya, likitoci suka ce ba laifi, bakwaini ana yi masa uzuri. Amma ta zauna ɗin, ta kuma taka. Magana ce shiru. Ta haura shekara biyu ba Mama ba Baba, ko gwalantun nan na yara da take yi da can ta rage. Barkwancin uban ya fara sirancewa. Inna ta ce ai shi ma sai da ya girma ya yi magana, ba wanda ya yarda, har ita. Wata maƙwabciya ta tafa hannu a bayan yarinyar a fakaice don ta gani ko za ta juya, Mai Guga ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

A ganin likita na gaba aka tura su wurin wata ma'aikaciya mai duba ji da maganar yara. Ɗakinta ba gado ba allura, sai shimfiɗa a ƙasa da kwandon kayan wasa. Matar siririya ce mai furfura, ba ta da yawan fara'a. Ta gwada kunnen yarinyar ta ce lafiya lau yake, har ya fi nata. Mai aski ya gyara zama ya fara ba da tarihi tun daga ranar naƙuda.

"Baban yarinya," in ji matar, "zan roƙe ka abu mai wuya. Ka yi shiru na ɗan lokaci."

Ta cire takalmi ta zauna a ƙasa. Ta sa wata 'yar mota a cikin gwangwani mai murfi, ta rufe, ta miƙa wa Azarɓaɓi. Yarinyar ta juya shi, ta gwada da haƙori, bai buɗu ba. Ba ta kalli matar ba, ba ta kalli uban ba. Ta je ta ajiye shi a cinyar uwar, ta taɓa murfin sau biyu, ta ɗaga haɓa. Uwar ta buɗe. Yarinyar ta leƙa, ta ga motar ba taya ɗaya, ta ɗage gira ɗaya ta mayar.

Matar ta yi ɗan murmushi, na farko tun shigowarsu. Ta ɗauko wata kyanwar roba ta riƙe a gaban fuskar yarinyar.

"Mece ce wannan, ƙawata?"

Azarɓaɓi ta san ta, an ga haka a idonta. Ta ja numfashi har ƙirjinta ya ɗago, leɓunanta suka rabu. Sai ta runtse ido, ta datse baki, ta haɗiye, ta sunkuyar da kai tana shafa rigarta a kan gwiwa da tafin hannu kamar mai gyara kari.

Mai aski ya juyo ya kalli matarsa, ya sake kallon 'yarsa. Muryarsa ta fito a hankali yadda ba a saba ji ba.

"Wallahi ke ce. Haka kike yi, har shafa gwiwar."

Mai Guga ta zuba wa 'yarta ido. Ba ta taɓa ganin kanta tana yin haka ba, sai yau, a jikin mutum ɗan ƙarami. Wannan halittar da ta zo duniya ko tsotso ba ta iya ba, ashe tun daga ƙirjin nan na asibiti take karatu, kuma littafi ɗaya ta zaɓa. An zuba mata zance buhu-buhu ta bar shi a ƙasa, ta bi fuskar uwarta ta kwashe komai, taɓawa da haɓa da gira, ba ta zubar da ko ɗaya ba. Har haɗiye magana ta koya, tana tsammanin haka ake yi da ita in ta zo baki. Mamaki da tsoro suka haɗu suka danne Mai Guga, ta rasa ko kuka za ta yi ko godiya.

"Maman yarinya, kina yi mata magana a gida?" in ji matar.

"Ai abin da ya faru shi ne," mai aski ya fara.

Matar ta ɗaga masa hannu ba tare da ta kalle shi ba. Ta zuba wa uwar ido tana jira. Mai Guga ta fara, ta tsaya, ta sake farawa. Bayanin da mijinta zai yi a numfashi guda ya ɗauke ta lokaci mai tsawo, amma ta kai ƙarshe. Ta ce tsoro take yi kada yarinyar ta ɗauka.

"I'ina ba mura ba ce," in ji matar. "Ba a ɗaukar ta don an zauna kusa da mai ita. In Allah ya sa tana cikin jininta, ko kin ɗinke bakinki za ta iya fitowa, kuma in ta fito ku dawo, akwai abin da za mu yi. Amma yarinyar nan ke take kallo. Yaran da suka zo da wuri sun fi bukatar wanda zai faɗi abu ɗaya, ya dube su, ya jira. Rediyo ba ya jiran amsa."

"To ni fa?" in ji mai aski.

"Kai ma ka riƙa jira. Na san za ka sha wuya."

Da labari ya kai wa Inna, ta riƙe haɓa. "Garin neman gira mun so mu rasa ido," ta ce. "Ki yafe ni, 'yar nan, da bakina a ciki." Daga nan ta juya kan jikarta ta ce ita ma munafuka ce, tana jin komai ta bar tsohuwa na ta zuba kamar famfo.

Mai Guga ta roƙi mai shago, aka gyara wa yarinyar wuri a kusurwa nesa da dutsen guga, aka kewaye da kwandunan kaya. Ranar farko ba ta iya cewa komai ba. Kunyar 'yarta ta fi ta duk wani baƙo da ta taɓa tsayawa a gabansa, don baƙo zai tafi, wannan kuwa za ta riƙe. Washegari da hantsi, da mai shago ta fita, Mai Guga ta ɗaga rigar da ke hannunta ta juyo.

"R-r-riga," ta ce.

Azarɓaɓi ta saki maɓallin da take wasa da shi. Ta miƙe ta dafa bakin kwando tana kallon bakin uwarta kamar yau ta fara ganinsa. Mai Guga ta ajiye dutsen a mazauninsa, ta durƙusa ta sake faɗa. Yarinyar ta miƙa yatsu ta ɗora a leɓunan uwar, sannan ta gangara da su zuwa maƙogwaro inda muryar ke rawa, ta bar su a nan.

Daga ranar ba abin da ya wuce ta teburin nan ba a faɗi sunansa ba. Wando, kwala, aljihu, tururi, zafi, ruwa. Wasu su fito da sauƙi, wasu sai an yi kokawa. In kalma ta maƙale, tsohuwar ɗabi'a kan taso ta ce a haɗiye, sai ta ga idanun nan biyu a kanta, ta ci gaba da turawa har ta fito. Yarinyar ba ta gajiya, ba ta kawar da kai, ba ta san ana jin kunya a madadin mutum ba. A wurinta haka kalma take zuwa, a hankali, kuma ta cancanci a jira ta.

Da sunayen kaya suka ƙare Mai Guga ta shiga labari. Ta ba ta labarin mai rigar nan da ke cin abinci da ƙirjinsa, da matar da ke kawo labule ɗaya kowane mako don kawai ta samu wurin hira. Mai shago ta ɗaga labule wata rana ta ce, "Ashe haka kike da tsegumi, shekara da shekaru kina ɓoye mana?" Da yamma muƙamuƙin Mai Guga kan yi tsami. Ta yi maganar da ba ta yi ba tun aurenta.

Amma makonni suka shuɗe, Azarɓaɓi na saurare kawai. Ta daina runtse ido, ta fara motsa leɓe ba sauti, shi ke nan. Uban na ƙoƙarin jira, yana cizon leɓe kamar mai riƙe fitsari. Inna na cewa sannu ba ta hana zuwa. Mai Guga kuwa tsoro biyu ke cinta: kada ta makara yarinyar ta ƙi magana sam, kada kuma ta yi, a ji tuntuɓen uwarta a ciki.

Wata la'asar sun tashi daga shago suna tafe a gefen titi, yarinyar riƙe da yatsanta. Rana ta yi sanyi, masu shaguna na yayyafa ruwa a ƙofa, motoci na wucewa. A gaban shagon mai hatsi wasu tsuntsaye suka sauka suna tsintar abin da ya zube. Azarɓaɓi ta ja ta tsaya, ta nuna da yatsa, ta ɗago kai.

Mai Guga ta san tun kafin ta taɓa kalmar cewa za ta yi mata gardama. Ga mutane, ga mai hatsi zaune a kan buhu yana kallonsu. Ta durƙusa a nan kan titi, ta daidaita fuskarta da ta 'yarta.

"T-t-t," ta fara. Harshenta ya manne a dasashi. Wata mata mai wucewa ta rage tafiya ta waiga. Mai Guga ta ji zafin kunyar da ta sani tun yarinta yana hawowa wuyanta, ta bar shi ya hau. "T-t-tat-tattabara."

Yarinyar ta kalli tsuntsayen, ta kalli bakin uwarta. Ta ja numfashi, leɓunanta suka rabu.

"Tabara," ta ce.

Murya ce 'yar siririya mai ɗan kaushi, irin ta abin da ba a taɓa amfani da shi ba. Ta fito a miƙe, ba tsayawa ba tuntuɓe. Yarinyar ta tsince kalmar daga cikin duk wahalar da aka kawo ta da ita, ta ɗauki tsabar ta bar sauran.

Mai Guga ba ta rungume ta ba, ba ta yi guɗa ba. Tana durƙushe a ƙasa tana kallon ɗan bakin nan da ya taɓa kasa kama nono, tana jin girman abin da ya fi ƙarfin hankalinta. Hawaye suka zubo ba ta share ba. Ko gobe i'inar za ta fito, ko ba za ta fito ba, ba ta sani ba, kuma ta tarar a karon farko tambayar ba ta tsaya mata a wuya ba.

Azarɓaɓi ba ta san ta yi wani abu ba. Tsuntsayen sun tashi, ta riga ta juya. Wani ya faka babur a bakin shagon, jan fenti yana ƙyalli, ta nuna shi da yatsa ta ɗago kai tana jira.

Duk cikin haruffa ba wanda ke ba Mai Guga wuya kamar na farkon wannan kalma. Ta goge fuska da bayan hannu, ta haɗa leɓunanta, ta fara.